Jiragen teku za su sauya mai: me ake koya wa masu zana su, kuma ta ina ƴaƴanmu za su shiga?

Daga Birnin Konni zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 800. Duk da haka shinkafar da ke kasuwarmu, da moto, da takin zamani da manoman albasa na Galmi ke jira, da farantan sola da ake ɗorawa bisa soraye, mafi yawansu sun kwana cikin jirgin ruwa kafin kamiyo ya ɗauko su daga Lome ko Kwatano ko Ikko. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, in an auna su da nauyi, ta teku suke bi. Man Agadem ma, wanda bututunsa ya ratsa jihar Tawa, in ya isa Seme a ƙasar Benin jirgi ne ke kwasarsa. Na farko ya yi lodi cikin watan Mayun 2024.

To waɗannan jirage sun shiga wani sauyi da ba a ga irinsa ba tun lokacin da anka bar kwal anka koma mai. Ana so su daina ƙona man da sunka saba, su koma wasu makamashin da ba su fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya. Mun tanadi wanga bayani don masu saurarenmu na karkara, da ƴan uwa da ke ci-rani, musamman na Abijan, tunda makarantar da ta fi shafar mu a wanga fanni tana nan kusa da su.

Wane ne mai zana jirgi?

A mota, direba daban, makaniki daban, wanda ya zana motar tun tana takarda shi ma daban. Haka abin yake a teku. Akwai kyaftin da mataimakansa masu tuƙi, akwai injiniyoyin da ke kwana da inji, sannan akwai mai zana jirgi, wanda galibin aikinsa a ofis yake da wurin ƙira. Shi ke lissafa nauyin da jirgi zai ɗauka bai nutse ba, da kaurin ƙarfen da zai jure dukan igiyar ruwa, da siffar gangar jirgin da za ta tsaga ruwa ba da wahala ba, da girman farfela. Shi ke yanke inda za a sa kaya, inda za a sa tanki, inda ma'aikata za su kwana. Duk wanda ya taɓa ganin kamiyon albasa da anka yi wa lodi ya yi tsawo ya kife a kwana, ya riga ya san rabin damuwar mai zana jirgi: in nauyi ya hau sama, abin hawa ba ya da gindin zama.

Babban jirgi yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Ke nan wanda ɗalibin yau zai zana in ya gama karatu, yana nan bisa ruwa har bayan 2050.

Shekaru da dama tambayar mai ba ta wahalar da kowa a aji. Manyan jirage na ƙona wani baƙin mai mai kauri kamar kwalta, wanda shi ne guntun da ke saura a matata bayan an cire esansi da kananzir da gazuwal. Sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Yana da araha, ba ya kama wuta da sauri (doka ta ce man jirgi kada tururinsa ya kama wuta sai zafi ya kai digiri 60), kuma ana iya zuba shi a kowane lungu na ƙasan jirgi da kaya ba su shiga. Mai zane sai ya gama da kaya da inji, sannan ya nema wa mai wuri cikin abin da ya rage. Wanga tsarin ne ke juyewa yanzu. Da sabbin makamashi, tanki ake fara tunani, sauran jirgin ya biyo baya.

Abin da ya tilasta sauyin

Jiragen ruwa na fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mai yi musu doka ita ce hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Landan, wadda ake taƙaita sunanta da OMI a Faransanci, IMO a Turanci. Tun 1 ga Janairun 2020 ta rage yawan farar wuta da aka yarda ya kasance cikin man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5. Cikin Yulin 2023 ƙasashen hukumar sunka amince da babban buri: a rage hayaƙin da aƙalla kashi 20 zuwa 2030, aƙalla kashi 70 zuwa 2040, in an gwada da na 2008, sannan a kai ga share shi wajajen 2050.

Buri daban, biyan kuɗi daban. Cikin Afrilun 2025 an tsara wata doka da za ta sa manyan jirage su biya tara in hayaƙinsu ya wuce iyaka, amma da anka zo tabbatar da ita cikin Oktoba na wannan shekarar, Amurka da Saudiyya da wasu ƙasashe sunka ja, anka ɗage maganar da shekara guda. Tarayyar Turai ita ba ta jira kowa ba. Daga Janairun 2024 jirgin da ke shiga tashoshinta ko fita daga cikinsu yana biyan kuɗin hayaƙi, kuma manyan kamfanonin kwantena sun ɗora wannan kuɗi bisa kuɗin dakon kaya, har da kayan da ke zuwa Afirka ta Yamma. Mun san inda irin wanga ƙari ke ƙarewa: bisa ɗan kasuwa, daga nan bisa mai saye da kwano.

Sabbin makamashin da halin kowanne

Wanda ya fi yaɗuwa yau shi ne gas da anka sanyaya har ya zama ruwa. Sai sanyi ya kai digiri 162 ƙasa da sifili yake narkewa haka, kuma girmansa na raguwa kusan sau 600. Tankinsa na buƙatar rufi mai kauri da ƙarfe na musamman, don ƙarfen da anka saba yana tsagewa kamar tulu in wannan sanyi ya taɓa shi. Ba ya da farar wuta, hayaƙinsa ya fi na baƙin mai sauƙi, amma in wani ɓangare ya sulale daga inji bai ƙone ba, ɗumamar da yake jawowa cikin shekara 20 ta ninka ta hayaƙin kabon kusan sau 80. Shi ya sa da yawa ke kallonsa kamar zango a hanya.

Metanol wani irin sinadari ne mai kama da ruwa, ba ya buƙatar sanyi. Cikin Satumban 2023 kamfanin Maersk na ƙasar Danmak ya ƙaddamar da Laura Maersk, jirgin kwantena na farko mai iya tafiya da shi. Matsalarsa ta farko wuri ne: tafiyar da tanki guda na baƙin mai zai yi, sai an zuba metanol kusan tanki biyu da rabi. Duk wurin da tanki ya ci kuwa, kwantena ce ba a ɗauka ba, kuɗi ne ya tafi. Ta biyu wuta ce. Tururinsa na kamawa tun a digiri 11 ko 12, ke nan ko a sanyin hunturunmu a shirye yake, kuma harshen wutarsa da rana da ƙyar ido ke ganinsa. Mutum na iya tunkarar gobara bai sani ba. Ga shi guba ne, kaɗan in an sha yana makantarwa. Don haka ɗalibi ke koyon zana bututu cikin bututu, ta yadda in na ciki ya yoyo na waje ya tare, da barin fili babu komai kewaye da tanki, da cika saman tanki da iskar da ba ta cin wuta.

Ammoniya kuwa manomanmu sun san ɗiyarta, don da ita ake yin takin uriya. Ba ta da kabon ko kaɗan, shi ya sa masu dogon zango ke sa mata ido. Tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifili, tana cin wuri kusan ninki uku na baƙin mai, kuma ba ta son kama wuta, sai an ɗan fesa gazuwal ya kunna ta. Tana cin jan ƙarfe da tagulla, don haka ko ƙaramin famfo sai an duba da abin da anka ƙera shi. Babbar barazanarta numfashi ce. In ta fita da yawa a rufaffen wuri, tana ƙona ido da huhu, tana kisa. A nan aikin mai zane ya zama na ceton rai kai tsaye: ina iska za ta kai tururin in ya fita, ina tagogin ɗakin kwanan ma'aikata suke, ta wace ƙofa mutum zai gudu, ina zai laɓe. An gwada ta cikin wani jirgi a tashar Singafo cikin Maris na 2024. A ganinmu manomi ma ya kamata ya bi wanga labari, don in jiragen duniya sunka fara sayen ammoniya da yawa, kasuwa ɗaya za su shiga da masu yin taki.

Haidurojin ya fi duka wahalar ajiya, sai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. Norwe ta sa wani jirgin fito mai amfani da shi cikin 2023. Batir kuma ya riga ya kama aiki a gajeren zango. Jirgin fito mai suna Ampere a can Norwe tun 2015 yake ɗaukar motoci har 120 yana haye ruwa mai faɗin kusan kilomita 6, yana caji duk lokacin da ya tsaya lodi. Amma daga Sin zuwa Lome, nauyin batirin da za a buƙata ya fi ƙarfin jirgin.

Sai iska, wadda da ita kakannin matuƙa sunka fara. Cikin Agustan 2023 wani jirgin dakon hatsi da ma'adinai mai suna Pyxis Ocean ya fita da manyan fukafukai biyu tsaye bisa bayansa, kowanne tsawon mita 37 da rabi, kwamfuta ke juya su. Kamfanin Cargill da ya yi hayarsa ya ce a matsakaici sun rage masa tan 3 na mai kowace rana. Iska ba ta maye gurbin inji, amma ba a sayenta. Akwai ma dabarar da ta fi wannan araha: rage gudu. Jirgin da ya rage gudunsa da kashi 10, ƙarfin da yake nema daga inji na faɗuwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai kabu-kabu da ke lallaɓa moto don lita ta kai shi yamma ya san wannan ba da lissafi ba.

Wani abu da ake yawan mantawa: yawancin metanol da ammoniya da ake sayarwa yau daga gas ko kwal ake yin su. In an ƙona su a jirgi hayaƙin ya ragu a teku, amma an riga an fitar da shi a masana'anta. Sai an yi su da wutar rana ko ta iska suke zama masu tsabta da gaske, kuma irin wannan har yanzu kaɗan ne, ga tsada. Don haka ake koya wa ɗalibi ya lissafa hayaƙin mai tun daga inda anka samo shi har zuwa farfela. Ƙasashe masu rana da iska kamar Muritaniya da Maroko da Namibiya suna da shirye-shiryen yin irin wanga mai don sayarwa.

Me ya sauya a aji?

Tsohon tushe yana nan: lissafi, ilimin motsin ruwa, ƙarfin ƙarfe, zane da kwamfuta. Abin da anka ƙara shi ne ilimin sinadarai, da na sanyi mai tsanani, da na kuran mai ƙarfi da batir, sannan darasin da muke ganin ya fi duka, wato auna haɗari. Ɗalibai kan zauna da zane a gabansu suna bin bututu gaɓa-gaɓa suna tambaya: in wanga ya fashe fa? In kuran ya ɗauke a daidai lokacin fa? In wani jirgi ya daki wanga gefe? Dalili shi ne dokar duniya kan jirage masu amfani da mai mai saurin kamawa, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2017, gas ta yi wa bayani dalla-dalla. A sauran, sau da yawa mai zane ne zai kawo hujjar cewa tsarinsa bai fi na tsohon mai haɗari ba.

Kuma babu wanda ya isa ya rantse wane mai ne zai yi nasara. Shi ya sa sabbin jirage da yawa ke da inji mai cin mai iri biyu, wasu kuma ana barin wuri a cikinsu don a sauya tanki nan gaba. Makarantar da ta koya wa yaro mai guda ta ce shi ne gobe, caca ta yi da shi.

Ba masu zane kaɗai abin ya shafa ba. Ma'aikatan jirage a duniya sun kusa miliyan 2, kuma wani bincike da anka gabatar a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar cikin Nuwamban 2022 ya nuna cewa har 800,000 daga cikinsu na iya buƙatar sabon horo zuwa tsakiyar shekarun 2030. Malaman da za su ba da horon su ma da gazuwal sunka tashi, kuma na'urorin koyarwa na da tsada. Nan ne makarantun Afirka ke da babban aiki.

Mun riga mun taɓa irinsa a gida

Kada mai sauraro ya ɗauka wanga zance na Turawa ne. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki cikin 2011 gas ya wadata, kuma manoman rani da yawa sun mai da injinan ban ruwa sun koma aiki da butalin gas. Da Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, ruwa-ruwa ya yi tsada a Konni, lissafin ya ƙara fitowa fili. Makanikin da ya iya wanga juyi ya samu ciniki. Tambayoyin da ke gabansa kuwa su ne na mai zana jirgi, a ƙaramin ma'auni: ina za a ajiye butali rana ba ta dafa shi ba, wane tiyo ne gas ba ya ci, yaya za a gane yoyo kafin wuta ta gane shi. Mai shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo yana duba kumfa, aikin da na'urar shinshina gas ke yi a jirgi yake yi. Inda muke da rauni shi ne yawanci da gani ake koyo, babu mai bayanin dalili, kuma muna so cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumominmu su ɗauki wanga darasi da gaske.

Ta fannin rana ma ba baƙi muke ba. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, da anka buɗe cikin Nuwamban 2018, ita ce babba ta farko a Nijar. Tun kafin nan Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa tun daga 1969. Jiragen da muke da su, na fito a Gaya da kwale-kwalen masunta a tabkin Ɗan Dutsi da na Tabalak, gajeren zango suke yi, irin wanda batir da sola sunka fi dacewa da shi.

Ina ake karatun?

A Abijan, unguwar Yopougon, akwai makarantar ARSTM, ta ilimin teku, wadda ta fara aiki cikin 1987. Ta ƙasashe 15 ce masu amfani da Faransanci a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma Nijar na cikinsu duk da ba mu da teku. Tana horar da matuƙa da injiniyoyin inji da masu tafiyar da harkar tashar jirage da dakon kaya. Ƴan uwanmu na Adar da ke Kodebuwa na iya zuwa da ƙafarsu su tambayi sharuɗɗan shiga da kuɗin shekara. A Gana akwai jami'ar teku ta yanki a Nungua, cikin Akara. A Najeriya akwai makarantar teku ta Oron a jihar Akwa Ibom, da jami'ar teku ta Okerenkoko a jihar Delta wadda ta fara karatu cikin 2018, da sashen injiniyan teku na jami'ar jihar Ribas a Fatakwal.

Mai son zanen jirgi zalla sai ya duba nesa kaɗan: jami'ar kimiyya da fasaha ta Oran a Aljeriya, jami'ar Iskandariyya a Masar, jami'ar fasaha ta Istambul a Turkiyya, ko makarantar ENSTA da ke Brest a Faransa. Maganar tallafin karatu a waje ta hukumar ANAB ce a Yamai. A kuma san cewa fiye da kashi 90 na manyan jiragen duniya a Sin da Koriya ta Kudu da Japan ake ƙera su. Aikin da ya fi kusa da ɗanmu a bakin tekun Afirka shi ne gyara, da duba lafiyar jirgi, da juya tsohon inji, da kula da wurin shayar da jirage sabon mai a tasha.

Hanyar tana farawa da bak na kimiyya ko na fasaha, C ko D ko E. Wanda ya bi ta EMIG a Yamai, ko ya karanci kuran ko makanikanci a jami'ar Maradi, bai ɓata lokaci ba, don da wannan tushen ake shiga digiri na biyu. Ƴan mata ma ƙofar a buɗe take gare su, balle zane da ake yi a ofis.

Kafin uba ya sayar da sa ko gona ya biya, muna ba da shawara a yi wa makaranta tambaya biyu. Shin tana koyar da aiki da gas da metanol da batir, da kayan gwaji a ƙasa, ko a allo kawai? Kuma shin tana sama wa ɗalibi gurbin horo cikin jirgi? Wannan ta biyun ita ta fi tsayar da matasan Afirka ta Yamma: an gama aji, amma takardar aiki a teku ba ta fita sai an yi watanni cikin jirgi, guraben kuma kaɗan ne. A yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin aikin jirgi. Turanci dole ne, ko ga wanda ya yi lakwal da Faransanci, don da shi ake magana a teku kuma da shi ake rubuta littattafan inji. Mai niyyar aiki cikin jirgi kuma ya fara zuwa asibiti a auna masa ido da kunne, don akwai gwajin bambance launuka, ja da kore, da ake yi kafin a ba da takardar lafiya.